Aljihun Rigar Juma'a

Ni ce ƴar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa, kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi randa ya ce, wai babu kowa ne a gidan nan. In na ci jarrabawa, ƙanwata yake tambaya ko ta ga yadda ake karatu. Haka aka rene shi, haka ya ga ubansa yana yi wa babban wansa. Inna ma da farko tana wannan kunyar, amma aikin gida ya cinye mata ita, don ba a girki da wanki da mutum ba a yi masa magana ba. Baba dai ya riƙe tasa. Ni kuma dama ba mai magana ba ce. A lekol, wato makarantar boko, mushe malaminmu yakan ce in ɗaga murya, wadda ke zaune kusa da ni ma ba ta ji abin da na ce ba. Shi ya sa shirun da ke tsakanina da Baba bai taɓa yi mini nauyi ba, sai a shekarar da na so in tambaye shi abu guda na rasa ta inda zan bi.

Ina da shekara tara aka bar mini wankin kayansa, lokacin da Inna ta haifi tagwaye. Kowace Lahadi da hantsi zan tarar da kayan a ƙofar ɗakinsa, in kwashe in kai gindin dalbejiyar tsakar gida, in zauna da baho biyu da sabulu. Inna ta koya mini in fara da lalube aljihu kafin riga ta taɓa ruwa. Ta aljihun nan na san Baba. A kusurwar ɗinki kullum akwai ɓarɓashin taba, ja-ja, mai manne wa farce. Akwai ƙonannun tsinkayen ashana, don ba ya yar da su a ƙasa inda za a gani. A gaban kowace riga kuma akwai ƙananan huji masu baƙin baki, wasu Inna ta ɗinke, wasu ta gaji ta bari. Ko na ɗauraye riga sau biyu, in na kai ta hanci kafin in shanya, warin yana nan a wuya.

A gidanmu ba a taɓa furta kalmar sigari ba. Shan iska ake ce mata. Bayan cin abinci Baba zai miƙe ya ce bari ya ɗan sha iska, ya zagaya bayan gida, gindin aduwar da ke kusa da garken awaki. Dalili kuwa Kaka ce, mahaifiyarsa, wadda ɗakinta ke daf da zaure. Shi ne autanta, kuma har ya yi furfura a gemu Auta take ce masa. Sama da shekara ashirin yana sha, bai taɓa bari ta gan shi da kara a hannu ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta sani ba. In hayaƙi ya tsallako katanga ya iso tabarmarta, sai ta kaɗa mafici ta ce maƙwabta sun sake ƙona shara.

Aikin Baba lambu ne. Garinmu Gure, tuddan rairayi ne suka kewaye ta, a tsakaninsu kuma akwai kwari, wuri mai zurfi inda ruwa ke kusa, in ka haƙa kaɗan sai ka same shi. Namu kwarin tafiyar awa guda ce da jaki. Kakanmu ne ya dasa dabinon da ke ciki, Baba ya ƙara rogo da rake da albasa. Sauka ba wuya, rairayi ne ke kai ka. Hawowa da kaya ita ce aikin. Duk taku biyu sai ƙafa ta zame ta koma ɗaya.

Wata Asabar, ina aji na biyar, na bi shi kwari don in ɗebo ciyawar awaki. Da za mu dawo, jaki na gaba da buhu biyu na rogo, Baba na biye da ƙaramin buhu a kafaɗa, ni a baya. Na daɗe da lura cewa yakan tsaya a tsakiyar tudu kamar zai gyara takalmi, alhali takalmin lafiyarsa lau. Ranar nan bai yi wannan dabarar ba. Buhun ya saki, ya zauna daɓas, ya dafa ƙirji, yana jan numfashi da wata ƙara kamar ana busa cikin gora. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Tari ya kama shi har hawaye. Na tsaya riƙe da ciyawata, ban san abin yi ba, ban ma san da wane suna zan kira shi in tambaye shi ba. Daga ƙarshe na kwance gorar ruwa daga jikin jaki na ajiye kusa da ƙafarsa. Ya sha, ya daɗe a zaune yana kallon dabinon da ke ƙasa. Da ya tashi, jakin ya yi wa magana, ya ce kada kowa ya ji wannan a gida.

Ban faɗa ba, amma tarin ya faɗa. Bayan kwana uku Inna ta matsa masa ya je gidan likita. Majon da ke can, wato babban ma'aikacin jinya, abokinsa ne, Ba'are ne da aiki ya kawo shi Gure tun kafin a haife ni, mu kuma asalinmu Barebari, abokan wasan Arawa, don haka ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Aka auna majinarsa, aka ce ba babban tarin nan ba ne. Majo da kansa ya biyo shi gida da yamma, suka zauna a zaure, ni kuma na kai ruwa na maƙale a bayan ƙofa.

Majo ya ce masa ƙirjinsa ya zama tsohon injin niƙa, ƙara da yawa gari kaɗan. Baba ya ce shi fa, warin me ke tashi daga rigarsa, turaren Makka ne? Suka yi dariya, Baba ya ƙare da tari. Sai majo ya sauke murya.

"Bawana, wasa waje. Ni ofis nake zaune, ba tudu nake hawa ba. Kai in ka ci gaba, nan da ƴan shekaru sai dai ka tsaya daga sama ka leƙa dabinon ubanka. Ko kuma wata rana ka sauka a hawo da kai."

 Na ji Baba yana juya kofin ruwa a ƙasa.

Ban san ranar da ya daina ba, don ba shela aka yi ba. Abin da na sani, wata Lahadi na lalube aljihu na ji babu tsinken ashana, sai ƙwallayen dabino guda huɗu, an tsotse su sun yi santsi kamar duwatsun rijiya. Lahadin da ta biyo ma haka. Bayan cin abinci ya daina cewa zai sha iska. Yakan zauna a inda yake, ya jefa ƙwallon dabino a baki, ana jin yana kaɗa shi a haƙora, ƙas ƙas, hannunsa na dama yana zuwa aljihu yana dawowa babu komai.

Watan farko gidan bai yi daɗi ba. Baba da ba ya faɗa ya zama abu kaɗan ke tunzura shi. Ya yi wa tagwaye tsawa don sun taɓa rediyonsa. Ya yi ƙwallo da buta don an bar ta a hanya. Wata safiya jaki ya ƙi tashi, ya zage shi tas har da uwarsa, sannan da yamma na gan shi ya kai masa dusa fiye da ta kullum yana shafa masa wuya. Ba ya barcin rana, sai zagaye. Ya ɗauki fartanya ya nome bayan gida inda babu abin nomewa. Inna ta koya mana tafiya a hankali, Kaka kuma ta ce zafi ne, bana zafin ya yi yawa, alhali damina ta sauka, gari ya yi sanyi.

Ya bar zuwa fada, inda shi da abokansa ke shan shayi a gindin wata bishiya kusa da tasha. Daga baya na ji yana gaya wa majo cewa kofi na farko ba ya ba shi wuya, na biyu ne, don shekara ashirin bai taɓa shan na biyu ba babu kara a yatsunsa. Wata biyar bai taka wurin ba, har aka aiko a ji ko an yi masa laifi. Ya sayo ƙaramar buta ya fara dafa shayi a gida, bai iya ba, wani lokaci ɗaci wani lokaci ruwa-ruwa. Kaka ce ke shanyewa tana yamutsa fuska, tana cewa Auta ya rasa sana'a sai ta Buzaye.

Sannan abubuwa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ya kai loma ya ajiye, ya tambaya wa ya zubar da gishiri a miya. Inna ta ce yadda take sawa kullum ta sa. Gaskiya ta faɗa. Shekaru ta yi tana ƙara gishiri da barkono don harshensa, mu duka muka saba da haka. Da ta rage, sai muka ji ashe miyar kuka tana da wani ɗanɗano nata. Wata rana kuma ya shigo ya ce akwai akuya mai ciwo a garke, ya ji wari tun daga zaure, aka duba aka tarar da ƙafar ɗaya ta ruɓe. Tarin asuba ya ƙaru da farko har na tsorata, sannan ya ragu, sannan wata safiya na farka na ji kiran salla kawai. Yatsunsa biyu da suka rine sun daɗe kafin su washe. Ina ganinsu duk lokacin da nake zuba masa ruwan wanke hannu, ina ganin rinin yana hawa sama tare da farce har aka yanke shi.

Ba wanda ya ce masa sannu da ƙoƙari. Ta yaya za a yaba wa mutum don ya bar abin da ba a taɓa yarda yana yi ba? Inna dai ta sayo masa farin yadi ta kai wa tela aka ɗinka rigar Juma'a mai aiki a wuya da aljihu babba a ƙirji. Da can ba ta yarda ya sayi fari mai tsada, ta san huji zai ci shi. Ya sa rigar, ya tsaya a tsakar gida, Kaka ta dube shi sama da ƙasa ta ce yanzu ya yi kama da ɗan mutane.

Shekara biyu da wani abu muka yi haka. Na shiga kwaleji. Baba ya koma fada, yana shan kofi uku da ƙwallon dabino a kunci. Majo ya daina tare da shi sau biyu, ya koma sau biyu, Baba yana ce masa Arawa dama ba a san su da riƙe alkawari ba. Na fara mantawa da lalube aljihu da tsoro, ina yi ne kawai don kada takarda ta jiƙe.

A bazarar shekara ta uku aka yi wata iska kwana biyu a jere. Tudun da ke gabas da kwarinmu dama yana matsowa, Baba yana tare shi da shingen ƙirare da kaba. Iskar ta kwantar da shingen. Da ya je ya tarar rairayi ya rufe kunyoyin rogo na gefen gabas gaba ɗaya, ya cike rijiya ɗaya, ƙananan dabino bakwai da ya dasa da hannunsa sai kawunansu ake gani. Ya dawo gida. Bai ci tuwo ba. Washegari Juma'a ya sa farar rigarsa ya je masallaci, ya daɗe bai dawo ba, kuma ta hanyar tasha ya biyo, inda masu tebur suke sayar da ƙananan kaya.

Ranar Lahadi na kwashe kayan wanki na ga babu farar rigar. Kullum tana ciki, ko sau ɗaya ya sa ta. Da na shiga share ɗakinsa na gan ta rataye a ƙusa bayan ƙofa, ta karkata gefe guda. Aljihun ya yi kusurwa huɗu. Na daɗe riƙe da tsintsiya kafin in sa hannu. Kwalin sigari ne, sabo, ledarsa ba a ɓare ba.

Na mayar da shi yadda yake. Na gama shara, na yi wanki, na shanya. Na so in gaya wa Inna, amma in na gaya mata za ta yi magana, maganar kuma za ta tsallaka ɗakin Kaka, abin da aka rufe shekara ashirin ya buɗe a bakina. Na so in tambayi Baba, amma ban taɓa fara yi masa magana ba tunda aka haife ni, balle wannan. Kuma bai sha ba. Ya saya dai, ya rataye.

Satin nan ban fahimci komai a aji ba. Kullum in na dawo da azahar, kafin Baba ya dawo daga kwari inda yake ta kwasar rairayi da shebur, sai in ɗauki tsintsiya in shiga ɗakinsa. Inna har ta ce wannan ɗaki ya ga shara bana. Litinin leda na nan. Talata na nan. Laraba na nan, amma kwalin ya juya, bakinsa ya koma ƙasa, wato an fito da shi an mayar. In ina zuba masa ruwan wanke hannu sai in sunkuya fiye da kima in ja numfashi. Zufa nake ji da rairayi. Ranar Juma'a ya sa rigar ya fita da kwalin a ƙirjinsa, na bi shi da ido har ya sha kwana. Ranar Asabar na tarar an ɓare ledar. Na buɗe na ƙirga da ɗan yatsa, ashirin cif, amma ɗaya ta ɗan fito sama da sauran, kanta ya lanƙwashe kaɗan kamar an riƙe ta an daɗe.

Lahadi da hantsi Baba ya tafi kwari. Kayan wanki na ƙofar ɗaki, farar rigar na ƙusa. Na cika baho, na kaɗa sabulu ya yi kumfa. Na shiga na sauko da rigar, ban lalube aljihu ba, na dulmiya ta cikin ruwa na danne da hannu biyu. Na ji kwalin yana laushi a ƙarƙashin tafina. Na murza. Ban yi tunanin abin da taba ke yi wa farin yadi ba sai da na ga kumfar ta koma ruwan shayi. Na ɗaga rigar, ga tabo ja-ja tun daga aljihu har ciki, faɗin faranti. Na sake sa sabulu sau uku, na sa lemun tsami, bai fita ba.

Inna ta fito daga madafa ta gani, ta fara faɗa, ta ce shekara nawa tana gaya mini a lalube aljihu, goro ne ko me na bari a ciki, rigar da ba ta da ta biyu. Ta fizge rigar ta juya aljihun. Jiƙaƙƙiyar takarda ta zubo da ɓarɓashi da ƙananan auduga masu launin ƙasa. Ta tsaya. Ta dube ni, na dubi baho. Ta tattara abin da ya zubo da hannunta ta kai murhu, ta dawo ta ce in shanya a igiyar baya. Na ce igiyar baya ta cika. Ba ta cika ba. A igiyar tsakar gida na shanya ta, daidai inda mai shigowa daga zaure zai fara gani, kuma har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba.

Kaka na kan tabarmarta tana ɓare gyaɗa. Ta ɗaga kai ta dubi rigar ta ce tsuntsayen dalbejiyar nan ba su da mutunci.

Da la'asar Baba ya shigo da shebur a kafaɗa. Ya tsaya a bakin zaure. Ina tsugune ina wanke kwanuka, ina ganin ƙafafunsa kawai, rairayi ya manne musu har ƙauri. Ƙafafun suka je gaban igiya suka tsaya, suka shiga ɗaki, suka fito, suka fice daga gidan. Inna ta ci gaba da tuƙin tuwo kamar ba ta gani ba. Ni kuwa na san masu tebur ba su tashi ba, kuma abin da na jiƙa ba shi kaɗai ne a garin ba. Sai a lokacin na ga wautata. Na ɓata masa riga, na kunyata shi gaban uwarsa, kuma ban hana komai ba.

Bayan magariba ya dawo. Na kai buta da kwano, na zuba masa ruwa, na sunkuya. Shayi na ji, da na'ana'a. Ya ci tuwonsa ya ƙara.

Washegari da safe, ina ɗaure littattafaina zan tafi kwaleji, ya je gaida Kaka kamar kullum. Maimakon ya gaisa ya wuce, sai ya zauna a bakin tabarmarta, ya juya mini baya, ya yi magana yadda zan ji.

"Iya, ki gaya wa mai wankin gidan nan ta ɓata mini riga."

Kaka ta ce ai ta gani, tsuntsaye ne.

"Ba tsuntsaye ba ne. Wani kaya ne na ajiye a aljihu. Kwana tara ina ɗauke da shi, na kasa amfani da shi, na kasa yarwa." Ya tsinci zaren tabarma. "Ki gaya mata jiya na je har gaban tebur na tsaya. Mai teburin ya ce me za a ba ni. Na ce sabulu."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da sabulu sabo ya ajiye gaban Kaka. Kaka ta ɗauka ta shinshina, ta ce ita ba ta san wannan zance ba, ba ta san wane kaya ake nufi ba, tsohuwa ce, an dai aike ta. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, ungo. Ubanki ya ce wankinki na fita."

Na karɓa da hannu biyu. Na sa shi a jakar lekol don ban san inda zan ajiye ba, ranar nan duk littattafaina ƙanshin sabulu suka yi.

Rigar ba ta sake zuwa masallaci ba. Kwari ta koma, da tabonta, har ta yage. Rairayin kuwa wata biyu ya yi yana kwasa, shi da maƙwabtan lambu, suka sake kafa shinge layi uku. Dabino huɗu suka rayu cikin bakwai. Rijiyar ba ta dawo ba, ya haƙa wata.

Tun daga Lahadin da ta biyo, in na je kwasar wanki sai in tarar ya zaro aljihun kowace riga da kowane wando waje, suna reto kamar kunnuwan akuya. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma haka. Ƙanwata ta tambaya me ya sa Baba ke yin haka, Inna ta ce don rairayi ya zube.

Ba zan ce abin ya wuce masa ba. Bara ma na ji yana gaya wa majo a zaure cewa har yanzu yakan yi mafarki yana sha, ya farka yana jin haushin kansa, sai ya tuna mafarki ne. Ya ce ranar da aka yi ruwan farko, in ƙasa ta tashi da ƙanshi, ranar ce ta fi masa wuya, bai san dalili ba. Majo, wanda yanzu yake wata na takwas a dainawa ta huɗu, ya ce shi kowace rana ruwan farko ce.

A babban hutun da ya wuce aka tura ni Bune wurin gwaggona, don ta yi rashin lafiya ba mai taya ta aiki. Wata biyu zan yi. Ban taɓa barin wankin Lahadi ba tun ina shekara tara, kuma damina ce, ga ruwan farko ya riga ya sauka. Na bar wa ƙanwata baho da sabulu, na rasa abin da zan ce mata ta lura da shi, sai na ce ta riƙa ɗaurayewa sau biyu. Lahadin farko a Bune na kasa zama wuri ɗaya. Ta biyu ma haka.

A ta uku, da hantsi, wayar gwaggo ta yi ƙara, ta miƙo mini ta ce daga gida ne. Kaka ce, tana ɗaga murya yadda take yi in an kara mata waya a kunne. Ta tambayi jikin gwaggo, ta tambaya ko ana ba ni nono ko rowa suke yi, ta ce ƙanwata wankinta kamar na kaza. A bayanta ina jin wani ya yi gyaran murya, kusa sosai, wanda ke riƙe mata wayar.

"Wai an ce in gaya miki, shekara bakwai ke nan wannan watan. Ban san ta mece ce ba. Kuma wai aljihu lafiya lau, kada ki sa shi a rai, ki kula da gwaggonki."

Na ce to. Mai riƙe da wayar bai kashe ba. Sai na ji bakina ya ce, Kaka, ki gaya masa na ji, Allah ya ƙara lafiya.

Kaka ta ce ai yana jina, kunnensa ya fi nata kusa. Daga can nesa kaɗan, kamar da bango yake magana, Baba ya ce amin.